Amsa ga mai son canza manifol ɗin tsohuwar Hilux

Malam, ka ce manifol ɗin Hilux ɗinka mai injin 22R, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga inji zuwa salansa, ya tsage, kana tambaya ko ka sa na bututu, wanda ake kira hedas, tunda buhuna kake ɗauka zuwa kasuwar Wudil da Gujungu. Zai yi, amma kada ka sa ran wani ƙarfi mai yawa. Ɗan sauƙin jan kaya ne za ka ji, shi ma sai ka sayi mai tsarin 4-2-1, wato bututu huɗu su koma biyu sannan ɗaya. Mai 4-1 sai inji ya ɗau wuta sosai yake amfani, motar kaya kuwa ba kasafai ake kai injinta can ba.

Idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman hedas, fara duba farantin da ke manne wa kan inji. Kaurinsa ya kai milimita 10, kuma ka ɗora ruler ta ƙarfe a fuskarsa. In ka ga haske ta ƙasa, ajiye shi, ko a kai a goge maka. Siririn faranti yana lanƙwasa da zafi ya cinye gasket. Tabbatar kuma na mota mai sitiyarin hagu ne, domin a wannan injin salansa ta hagu take fita, kusa da sandar sitiyari da bututun birki.

Aikin gaske yana wajen kusoshin. Kan 22R alminiyam ne, kusoshin kuma sun sha zafi shekaru. A jiƙa su da man kwance tsatsa tun daren da za a wayi gari a yi aikin, a kwance inji na sanyi, ana gaba ana baya a hankali. Kusan da ya fito da zaren raminsa, a sa wa ramin helicoil, wato murɗaɗɗiyar waya mai maye gurbin zare, mai girman M10 x 1.25, kada bakanike ya cusa babban kusa da ƙarfi, ramin zai ƙara lalacewa. Sabon gasket, ba a shafa masa gam. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kusan 45 Nm a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, sannan a sake bi bayan inji ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku. Wannan sake ɗaurin ne ake yawan tsallakewa. Ƙarar "tik-tik" da safe da baƙin hayaƙi a bakin farantin alamar yoyo ce.

Kada mai walda ya haɗe hedas ɗin da salansa a sandare. A sa ɗan bututu mai lanƙwasa a tsakani, da maƙali a jikin giyabos, in ba haka ba gargadar hanyar ƙauye za ta tsaga shi a bakin walda. Bututun salansa mai faɗin inci 2 zuwa 2¼ ya isa.

Hedas ya fi na asali fitar da zafi, don haka a nisanta wayoyin filogi da bututun birki, a sa garkuwar gwangwani inda suka matso. Lokacin kaka kuma, in ka ɗauko harawa ko kara, riƙa leƙa ƙasan motar kana cire abin da ya maƙale, kuma kada ka faka a kan busasshiyar ciyawa.