Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan haɗa ruƙiyya da zuwa asibitin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum 'yar uwa. Sannu, sannu, Allah Ya sa kaffara ne. Kin ce wata huɗu ke nan da aka karɓo ki daga hannun mutanen daji, barci ya gagare ki, ko babur ne ya wuce sai jikinki ya ɗauki rawa. A gida an ce iska kika kwaso, har an fara miki ruƙiyya, ƙanwarki kuma ta dage ki je asibitin ƙwaƙwalwa ki zauna da masu sauraron mutum, wata ma ta kawo miki zancen Reiki, wata hanyar neman waraka ta ɗora hannu a jiki. Tsoronki kada zuwa asibitin ya zama rashin tawakkali, ko ɗaya ya karya ɗaya. Wallahi da na karanta ji na yi kamar ni na rubuta, don ni ma an kwana da ni a dajin nan.

Ki haɗa su, babu abin da ɗaya zai yi wa ɗaya. Amma don Allah ki duba wace irin ruƙiyya ake miki, domin a nan na sha wuyar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yayar mijina ce ta kawo mai ruƙiyyar. Ba a tambaye ni ba, ina kwance sai na ji an ce in sa hijabi ga malam ya iso. Ya shigo da yaransa biyu, aka rufe taga, aka zuba garwashi a kasko aka barbaɗa wani abu. 'Yar uwa, hayaƙin nan yana tashi na koma daji. Warin itacen da suke hura wuta da shi da dare, shi ne sak. Ga maza a tsaye a kaina, ga murya sama, an danne mini kafaɗu. Na fara ihu ina cewa kada ku kashe ni, za a kawo kuɗin, wallahi za a kawo. Sai na ji mutumin yana cewa, to ga shi nan ya bayyana, wane ne kai, daga ina ka biyo ta? Ya ɗauko wata 'yar tsumagiya yana zuba mini a ƙafa wai ba ni yake duka ba. Ni kuwa nake jin zafin, ni na tashi da shatar bulala washegari. Da na suma aka ce aljanin ya galabaita, a ƙara zama uku. Kowane zama da kuɗinsa, ban da man zaitun da habbatus sauda da dole a wurinsa za a saya, alhali gidan bai gama farfaɗowa daga kuɗin fansa ba.

Abin da ya fi bulalar ciwo shi ne abin da ya faɗa a gaban dangin miji, wai jinnul ashiƙ ne ya aure ni a can, shi ya sa ba na son mijina ya matso kusa da ni. Kin san yadda mutane suke. Tun ranar yayar nan take yi mini wani irin kallo, in baƙi suka zo sai ta rage murya ta ce, ai mace ba ta kwana a hannun mutanen nan ta dawo yadda ta tafi. A gabana fa. Matar da ko sau ɗaya ba ta zauna ta ce mini ya jikin ba. Na bar ta da Allah, amma ban ce na manta ba.

Ba ruƙiyya nake zagi ba, kada wata ta juya mini magana. Alƙur'ani waraka ne, wannan ba abin musu ba ne. Amma ina ne Manzon Allah (SAW) ya turara wa mara lafiya hayaƙi har ya shiɗe? Abin da Nana A'isha ta ruwaito a Bukhari shi ne, idan zai kwanta yana haɗa tafukansa ya yi tofi, ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya shafe abin da ya samu na jikinsa, sau uku. Shiru, a natse, babu mai danne wani. Kuma shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar mata da magani. To ina rashin tawakkalin yake a neman maganin?

Mahaifiyata ce ta zo ta ɗauke ni, ta ce ba za a kashe mata 'ya a gida ba bayan daji ya bar ta. Wani ƙanenta malamin asibiti ya sa aka yankar mini kati a asibitin ƙwaƙwalwa. Na tafi ina ɓoye fuska a niƙabi, kin san sunan da ake kiran wurin da shi. Likitan ya saurare ni har na gama, ya ce abin da ke damuna sananne ne, suna kiransa PTSD, yana samun sojoji da waɗanda suka tsira daga hatsarin mota da matan da aka ci zarafinsu. Ya lissafo mini alamomin tun kafin in faɗi wasu: mugun mafarki, abin ya riƙa dawo maka ido biyu kamar yanzu yake faruwa, guje wa duk abin da zai tuna maka, zabura a kan ƙaramin motsi, saurin fushi. Ya ce idan sun wuce wata ɗaya suna hana mutum rayuwarsa, to ya kamata a nemi magani. Jiki ne ya koyi tsoro a lokacin da tsoron yake da amfani, bai samu labarin an dawo gida ba. Kuka na yi a wurin, don ran nan na fara jin wani ya ce ban haukace ba.

Daga nan ya haɗa ni da wata mata masaniyar halayyar ɗan Adam, muna zama mako-mako. Ta ce irin wannan galibi yana ɗaukar zama 8 zuwa 12, wani ya fi haka. Ba ta fara da daji ba. Numfashi ta fara koya mini, in ja a hankali, in sake shi ya fi jan tsawo. Idan abin ya taso in dafa ƙasa da tafin ƙafa, in kira sunan abubuwan da nake gani a ɗakin, labule, buta, agogo, har hankalina ya dawo. Sai daga baya muka shiga labarin, kaɗan-kaɗan, in na ce a tsaya a tsaya. Kin ga bambancin? Can an danne ni, nan ni ke da iko da bakina. Ba zan ɓoye miki ba, makonnin da muka shiga labarin mafarkin ƙaruwa ya yi, har na ce ba zan koma ba. Ta riga ta gaya mini hakan na iya faruwa, shi ya sa na daure. Ke ma in kin ga haka kada a ce miki asibitin ne ya tayar da iskar.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, wataƙila ke ma zai tsaya miki. Mun taso da hadisin da ya ce wanda ya yi mugun mafarki ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada ya ba kowa labari. Ga kuma mata tana tambayata me nake gani a mafarki. Na kai wa malamar Islamiyyarmu, tsohuwa mai natsuwa, ta ce mini faɗa wa mai magani don neman lafiya daban yake da baza mafarki a tsakar gida kowa ya fassara. Hankalina ya kwanta da maganarta. Ke ma ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa, ba wanda ke da kwalaben sayarwa ba.

Yadda na haɗa su ke nan: ruƙiyyata ni nake yi wa kaina. Azkar na safe da yamma, Ayatul Kursiyyu da Amanar Rasulu kafin kwanciya, tofi a ruwa in sha. Ranar da na kasa, mahaifiyata ta dafa kaina ta karanta. Har matar asibitin ta ce in riƙa yin numfashin nan tare da tasbihi tunda shi bakina ya saba. Ba ta taɓa cewa in bar addu'a ba, mai ruƙiyyar ne ya aiko wai ƙwayar asibiti tana ƙara wa aljani ƙarfi. Duk wanda ya ce ki ajiye maganin likita, ko ya ce sai ya keɓe da ke babu muharrami, ko ya kawo duka da hayaƙi, ki tashi. Ba ki manta da gidan marin da aka bankaɗo a Rigasa a 2019 ba, mutum sama da 300 aka fitar, wasu da sarƙa a ƙafa, duk da sunan gyara.

Zancen ƙwaya kuma, ni an ba ni, ba kowa ake ba ba. Irin waɗannan ba sa aiki rana ɗaya, sai an yi makonni ana sha, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Abin da nake roƙonki, kada ki aika kemis a sayo miki Valium ko tramol don ki samu barci. Na ga wadda muka fito tare ta faɗa wannan ramin, yanzu ciwonta biyu.

Reiki ɗin nan abin Japan ne, wani Mikao Usui ya fara shi a 1922, ana ɗora hannu a jikin mutum ko kusa da shi wai ana tura masa wani ƙarfi. Bincike bai tabbatar da akwai ƙarfin ba. Masu yi suna cewa suna jin natsuwa, to wa zai kwanta a ɗaki shiru ana lallaɓa shi bai ji natsuwa ba? Ni dai ba zan kai kuɗina ba, kuma akwai tambayar aƙida a ciki da sai malamai.

Ba ki faɗi garinku ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, akwai na Kware kusa da Sakkwato, akwai na Maiduguri, a Kano ga Dawanau ga sashen da ke asibitin Malam Aminu Kano, Zariya kuma asibitin koyarwa na ABU yana da nasa. In kin je ki buɗe baki ki ce kina son a haɗa ki da mai zama da mutum a yi magana, kada ki karɓi takardar magani kawai ki juyo. In kuma zuciyarki ta fara raya miki gara mutuwa, wannan ba a jiran ranar asibiti, ki gaya wa ƙanwar nan taki a daren, ku tafi.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Ki je ɓangaren mata a duba ki, a yi gwajin jini, ko me ya faru ko bai faru ba, kuma ba dole ki yi wa kowa bayani ba. Sannan maganar kuɗin fansa. Mu gona aka sayar da shanun ƙanen babana, na daɗe ba na iya haɗa ido da shi, ko nama aka sa mini a kwano sai in ji ban cancanta ba. Wannan ma ki kai shi wurin zaman, ni shi ya fi cin lokaci a kan labarin dajin kansa. In mijinki zai yarda ya raka ki ko sau ɗaya ya ji daga bakin likita, ki lallaɓa shi. Nawa sai da kawuna ya sa baki sannan ya je, yayar tasa kuwa har yau cewa take malaminta ne ya warkar da ni.