Abin da ya sa wata ke kwana da ciwo bayan tiyatar rage ƙiba

'Yata, kin tare ni jiya da tambaya: mata biyu aka rage wa tumbi rana ɗaya, a hannun likita ɗaya, amma ɗaya ta kwana tana murƙususu, ɗayar kuwa gari na wayewa tana takawa a baranda. Me ya raba su?

Rabin amsar yana hannunki tun kafin a tura gado ɗakin tiyata, in kin zauna kin yi wa marar lafiya tambaya. Mai tsohon ciwo, na baya ko na gwiwa, irin wanda masu ƙiba ke yawan zuwa da shi, ya fi jin raɗaɗi bayan aiki. Haka mai fargaba da wanda damuwa ta hana barci, haka mai shan taba. Matasa ma sun fi dattawa jin jiki. Amma wanda ya fi ba ni wahala shi ne wanda ya daɗe yana shan tiramol ko kodin, domin allurar da za ta kwantar da wani, shi ko gezau. Kuma ba zai faɗa miki a gaban dangi ba. Ki bari su fita, ki ja kujera kusa, ki sassauta murya: "Yaya, me kake sha in jiki ya matsa maka?" Ba don ki kunyata shi ba, don likitan sa barci ya shirya masa.

Ki tambayi mijinta ko matarsa batun minshari. In numfashi na ɗaukewa cikin barci, mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, in ya yi yawa na iya danne shi gaba ɗaya. Shi ya sa muke haɗa farasitamol da allurar kashe zafi a bangon ciki, mu ɗaga kan gado, mu tayar da mutum ya taka tun ranar.

Ciwon kafaɗa zai ruɗe ki. Iskar da ake hura ciki da ita don kyamara ta ga hanya tana taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai zafin ya fito a kafaɗa. Wannan yakan lafa cikin kwana 2 ko 3. Amma in ciwon na ƙaruwa, ga zazzaɓi, bugun zuciya ya haura 120 ya ƙi sauka, tana haki, ki ajiye komai ki kira likita, ko da ƙarfe 3 na dare ne. Mai yiwuwa ɗinkin tumbin ne ke yoyo. Na taɓa ganin wadda cikinta ke da laushi, tana cewa ba komai, agogon bugun zuciya kaɗai ya tona.

Ranar sallama kuma ki daɗe a kan maganar kemis. Wanda aka haɗa wa tumbi da hanji, diklofenak da ibufurofen da sigari suna haƙa masa gyambo daidai wurin haɗin. Saurin ramewa na tara tsakuwa a maɗaciya cikin watannin farko, sai a ji ciwo a dama, ƙarƙashin haƙarƙari, bayan cin maiƙo. Hanji ma na iya zurmawa cikin wata kafa ya shaƙe, ko bayan shekara 2. Wasu a Masar ko Indiya aka yi musu aikin, don haka ki ce su riƙe takardar da ke bayyana irin tiyatar, su nuna ta duk asibitin da ciwon ciki ya kai su.