Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Shin Lantarki Na Maganin Ciwon Tangaɗi?

Likita, an ce mahaifinmu yana da ataksiya. Mene ne ita? Mutane na cewa giya yake sha a ɓoye.

Kada maganar mutane ta dame ki, 'yar'uwa. A ƙeyar mutum akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ita ke daidaita tafiya da motsin hannu da fitar magana. Idan ƙwayoyinta suka fara lalacewa sai mutum ya riƙa tangaɗi yana ware ƙafafu, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi hannun ya wuce, harshensa ya yi nauyi. Giya na iya jawo haka, amma da yawa daga masu ciwon ba su taɓa ɗanɗana ta ba. Ku tabbata likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya duba shi, domin ƙarancin bitamin B12 ko bitamin E, da raunin aikin ƙwayar wuya da ake kira thyroid, da wasu magungunan farfaɗiya duk suna kawo irin wannan, kuma ana iya gyara su.

Yayana ya shekara shida da wannan ciwo, yanzu sai da sanda. Na ga bidiyo a intanet ana sa wa masu shi lantarki a kai suna warkewa. Ina gyaran kayan wuta, wani abokina ya ce mu haɗa da batir da waya, tunda jijiyar da ta mutu girgiza kawai take so ta farka. Me ka gani?

Ɗan'uwa, don Allah ka ajiye wayar nan. Wannan magana ta "a girgiza jijiya ta farka" ta ishe ni, kuma ba ta da tushe ko kaɗan. Ƙwayar ƙwaƙwalwar da ta mutu ba barci take yi ba, babu wutar da za ta tashe ta. Abin da batirinku zai iya yi shi ne ya ƙone masa fatar kai, ko ya jefa shi cikin jijjiga. In kuwa wutar gida ce, tana iya tsayar da zuciya.

Na san ƙaunar ɗan'uwanka ce ta kai ka wannan tunani, don haka bari in yi maka bayani dalla-dalla. Hanyar da ka gani gaskiya ce, ana kiranta tDCS. Ana jiƙa soso biyu da ruwan gishiri, a ɗora ɗaya a ƙeya daidai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ɗayan a kafaɗa ko a gadon baya, sai na'ura ta saki wuta 'yar ƙanƙanuwa, miliamfa 2, na minti 20. Ba a yanka, ba a sa barci. Mutum zai ji ɗan ƙaiƙayi ko tsikari, fatar wurin ta yi ja, wani ya ɗan yi ciwon kai. Aikinta shi ne ta sauya yadda ƙwayoyin da suka rage da rai suke aika saƙo. Kai da ka san wuta ka fi ni sanin cewa riƙe ta daidai a wannan ma'auni, a kan fatar da ke gumi tana bushewa, ba aikin batir da waya ba ne. Na'urar asibiti tana auna kanta, tana katsewa idan soson ya bushe.

To, tana aiki? A birnin Brescia na Italiya, likitoci sun gwada ta a kan marasa lafiya 20, kwana biyar a mako har mako biyu, suka wallafa sakamakon a 2018. Waɗanda aka yi wa ta gaske sun fi waɗanda aka yi wa ta bogi don kwatantawa samun sauƙin tafiya da motsin hannu, kuma sauƙin ya kai kusan wata uku. A 2021 suka sake da mutum 61, suka ga ci gaba. Amma a ƙasar Holan an gwada a kan mutum 20 masu nau'in gado da ake kira SCA3, sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna wani bambanci a ma'aunin ciwon ba. Ka ga ke nan maganar tana matakin bincike. Ni ina da kyakkyawan fata a kanta, amma ko inda ta yi amfani sassauci ta kawo na ɗan lokaci, ba ta warkar da kowa ba. Duk wanda ya ce maka zai sayar maka da na'urar da ke raba mutum da ataksiya, kuɗinka yake so.

Abin da nake tsoro kuma shi ne ku shagala da neman na'ura ku bar abin da aka tabbatar yana taimako. Yayanka na bukatar atisayen daidaita jiki a sashen gashi, a kai a kai, ba sau ɗaya a wata ba. Ku kawar da abin da zai sa shi tuntuɓe a ɗaki, ku sa masa abin riƙewa a banɗaki. Idan ya fara ƙwarewa yana tari lokacin cin abinci ko shan ruwa, ku kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin abin na iya gangarawa huhu. Maganar lantarki kuwa, ku kai ta gaban likitansa.

Ita ce wutar da ake sa wa masu taɓin hankali?

A'a. Waccan ana yin ta bayan an sa mutum barci, ƙarfinta ya ninka wannan sau ɗaruruwa, kuma cutar da take magani daban ce.

Ina da farfaɗiya, ga kuma tangaɗi. Zan iya gwadawa?

Kada ki yarda sai da izinin likitanki. Masu farfaɗiya, da masu ƙarfe a kai, da masu na'urar bugun zuciya, galibi ba a sa su. Ki je a duba maganin da kike sha, wataƙila shi ke sa ki tangaɗin, amma kada ki daina shi da kanki.

Mijina na da ciwon, mahaifiyarsa ma ta yi. Yaranmu fa?

Hajiya, a yawancin nau'o'in ataksiyar gado da ake kira SCA kowane ɗa yana da rabi da rabi na gado. Gwajin ƙwayoyin halitta ne zai nuna nau'in, don haka ku je tare ku ga likita.

Jiya da safe mahaifiyata ta tashi ba ta iya tsayuwa, tana jiri da amai. Ita ma ataksiyar ce?

Ciwon da muke magana a kai a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Wanda ya faɗo dare ɗaya yana iya zama shanyewar jiki daga toshewar jini ko fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Ka ɗauke ta yanzu zuwa sashen gaggawa, kada ka jira gobe.