Sulken samurai: yaya ake bambanta na yaƙi da na ado?

Tambaya: Wani dillalin kayan tarihi ya tallata mini cikakken sulken samurai, wato mayaƙan Japan na dā, har da kwalkwali da abin rufe fuska, ya ce an shiga yaƙi da shi a ƙarni na 16. Ta yaya zan tabbatar da maganarsa?

Amsa: Malam, akasarin cikakkun sulkunan da ke kasuwa a yau na zamanin Edo ne, wato daga 1603 zuwa 1868, lokacin da Japan ta zauna lafiya ƙarƙashin gidan Tokugawa, sulke kuma ya koma kayan nuna matsayi, kamar yadda namu yake fitowa a hawan sallah. Saboda haka yawan kwalliya da ruwan zinariya ba shaidar yaƙi ba ne, sau da yawa ma akasin haka yake nunawa.

Sulken samurai na farko-farko da ake kira o-yoroi na mahayan da ke harbi da baka ne, an haɗa shi da ƙananan ɓallayen ƙarfe da fata waɗanda aka ɗaure da igiyar siliki. Irinsa na asali yana gidajen tarihi da wuraren bauta kamar Oyamazumi, da wuya ya faɗo hannun dillali. Bayan 'yan Fotugal sun kawo bindiga tsibirin Tanegashima a 1543, maƙera sun karkata ga faffaɗan farantan ƙarfe, kuma wannan samfurin, tosei gusoku, shi ne ya dace da ƙarnin da aka ambata maka. Ko da ka ga lotsawar harsashi a ƙirjinsa kada ka yi saurin gaskatawa, domin maƙera kan harbi sulke da kansu don su nuna wa mai saye ƙarfinsa.

Inda na fi ba wa muhimmanci shi ne cikin kwalkwali. Na gaske an harhaɗa shi da farantai, wani ma har 62, kuma daga ciki ana ganin kan ƙusoshin da sawun guduma, alhali na kwaikwayo yakan zama sumul. Sa hannun maƙeri, musamman sunan gidan Myochin, shahararrun maƙeran sulke, an sha ƙirƙira shi tun a zamanin Edo, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Ka kuma duba ko tambarin gidan mai sulken da launin igiya da yadin hannuwa duk sun zo ɗaya, domin dillalai kan tattaro sassa daga wurare dabam-dabam su tayar da sulke guda.

Kafin ka biya, ka nemi takardar tantancewa daga masana sulke na Japan. Idan ya zo hannunka, ka nisanta shi da hasken rana da bushewar hunturu, saboda urushi, ƙaron itacen da ake shafe shi da shi, yana tsagewa ya ɓare, kuma kada a goge shi da mai ko sabulu.