Tambayoyinku: Me ya haɗa ƙodar jariri da hawan jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah a taimaka min. Na haifi yarona a sati na 31, kilo 1.6, ya yi sati uku a kwalba, yanzu Alhamdulillah shekararsa biyu yana ta gudunsa. Toh ranar da muka koma asibiti sai naga an ɗaura masa ɗan abin awon jini a hannu, nace yaro ƙarami me ya haɗa shi da hawan jini, nas ɗin tace ai bakwaini ne, su ana lura da ƙodarsu. Wlh tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ko dai akwai abinda suke ɓoye min ne? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki, daga abinda kika rubuto ba na jin an ɓoye miki komai, nas ɗin ta yi daidai, kawai dai ta taƙaita bayanin ne ta barki da zulumi. Yaran da aka haifa cikinsu ya cika ana fara auna musu jini ne daga shekara 3, amma wanda ya zo kafin sati 32 ko ya zo da ƙaramin nauyi sosai ba a jira, duk zuwa asibiti ana so a duba. Bari in miki dalilin dalla-dalla don ya fi “su ana lura da ƙodarsu” gamsarwa.

Kowace ƙoda cike take da wasu ƙananan matatai da ido ba ya gani, a likitance ana ce musu nefron, su ne suke tace jini su fitar da gishiri da ruwan da ya yi yawa. Ƙodar ɗan tayi tana fara tsirowa wajen sati na 5, zuwa sati na 10 ta fara yin fitsari, daga nan ana ta ƙera sabbin matatai har zuwa sati na 34 zuwa 36 sai aikin ya tsaya cak. Ya tsaya kenan har abada, ba a ƙara ko guda ɗaya, wanda mutum ya fito da su daga ciki da su zai tsufa, sai dai ma su riƙa raguwa. Kuma fiye da rabinsu a watanni ukun ƙarshe ake yinsu, kinga kenan naki ya fito ana tsakiyar gini. Ga bakwaini ginin yakan ci gaba bayan haihuwa na wasu makonni, wajen kwana 40, amma ba kamar a ciki ba, ga rashin lafiya ga magunguna ga ƙarancin abinci duk suna ja masa birki. In aka ƙirga za a ga bambanci mai ban mamaki tsakanin mutane, wani ƙodarsa ɗaya matatai dubu 200 da wani abu, wani sama da miliyan 2, yawanci dai ana kewayen miliyan guda.

Toh ina ruwan wannan da hawan jini? A 1988 wani likitan ƙoda a Amurka, Barry Brenner, shi da abokan aikinsa suka kawo tunanin cewa wanda matatansa suka yi kaɗan, jikinsa sai ya ɗan ɗaga ƙarfin jini kafin ya iya tunkuɗa gishiri waje, kuma kowace matata tana ɗaukar aikin biyu, ta kumbura, ta gaji da wuri, in ta mutu sauran su ƙara shan wuya, haka abin zai yi ta zagayawa a hankali tsawon shekaru. A daidai wannan lokacin wani likita mai bincike, David Barker, a Ingila yana tono tsofaffin rajistar haihuwa yana bin mutanen da suka manyanta, ya ga waɗanda aka haifa da ƙaramin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya da hawan jini. Sai 2003 aka buga wani bincike daga Jamus da ni dai yana burge ni, sun ƙirga matatan mutum 10 masu hawan jini da suka rasu a haɗari da wasu 10 marasa shi, masu hawan jinin kusan dubu 700 a ƙoda, ɗaya ɓangaren kusan miliyan 1.4, wato ninki biyu. Amma fa mutum 20 ne kacal kuma duk Turawa, da aka yi makamancinsa a jihohin kudancin ƙasar Amurka alaƙar ta fito a fararen fata amma ba ta fito haka a baƙar fata ba, don haka duk wanda yace miki ƙarancin matatai shi kaɗai ne labarin, ya zarce.

Wani abin dariya, da yawa daga cikin abinda muka sani kan ƙodar ɗan tayi tumaki ne suka koya mana. Ba za ka iya zura wa jaririn mutum bututu yana ciki kana auna fitsarinsa da jininsa kullum ba, amma ana yi wa ɗan tunkiya, kuma ita tunkiya tana gama ƙera matatanta kafin haihuwa irin namu, saɓanin ɓera da yake ci gaba bayan ya fito.

Yanzu mu dawo kan yaronki. Abinda bincike ya nuna a kan bakwaini idan sun girma shi ne awon jininsu na sama yakan ɗara na sauran da maki 3 zuwa 4 a matsakaici, ba wai duk suna da hawan jini ba, da yawansu har su tsufa ba abinda zai same su. Abinda nake so ki riƙe, ki adana katin haihuwarsa, duk likitan da zai gan shi ko yana da shekara 20 a faɗa masa bakwaini ne, wannan tarihin mutane suna mantawa da shi da zarar yaro ya yi ƙiba. Ki bari a ci gaba da awon, wani lokaci a duba fitsari ko akwai furotin. Kar ki saba masa da gishiri da yawa, kar a yi ta ɗura masa abinci wai sai ya kamo tsaransa, ƙiba mai sauri a kan ƙananan ƙoda ita ce haɗin da ba mu so. In yana gudawa ko amai jikinsa ya bushe kar ki ba shi ibuprofen sai likita ya gani.

TAMBAYA: Likita cikina wata shida, sikanin ya nuna ruwan da jariri yake ciki ya yi ƙasa, sai likitan ya hau tambayata wane magani nake sha. Ni dai ina shan na ciwon baya da nake saya da kaina, kuma ina da hawan jini tun kafin ciki. Meye haɗin magani da ruwa? Daga wata mai juna biyu.

AMSA: 'Yar uwa, Allah ya raba lafiya. Haɗin kai tsaye ne, don wannan ruwan daga tsakiyar ciki zuwa sama yawancinsa fitsarin jaririn ne, yana yi yana haɗiyewa yana sake yi, kusa da haihuwa yakan yi fiye da rabin lita a rana. Tace dattin jininsa kam mabiyiya ce take yi masa ta miƙa wa ƙodarki, amma ruwan shi yake samarwa, kuma da shi huhunsa yake buɗewa ya girma. Kenan in ruwa ya ja baya, ko faya ce take yoyo, ko mabiyiya ba ta kai masa isasshen jini, ko wani abu ya taɓa ƙodarsa. Magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac suna ratsawa su rage jinin da ke zuwa ƙodar jariri, har hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2020 cewa a guje su daga sati na 20. Sau da yawa in an daina ruwan yana dawowa. Wanda ya fi tayar min da hankali maganin hawan jinin ne tunda baki faɗi sunansa ba. In lisinopril ne ko enalapril ko captopril ko losartan, su suna toshe wani tsarin sinadarai ne da ƙodar ɗan tayi take dogara da shi wajen girma da riƙe ƙarfin jininsa, kuma ɓarnar tasu tana iya zama ta dindindin. Akwai waɗanda ake ba masu ciki, methyldopa, labetalol, nifedipine. Kar ki tsaya haka kawai babu magani don hawan jinin shi ma yana takure mabiyiya, ki kwashi duk kwalayen ki kai wa likitanki yau ɗin nan, ba sai ranar awo ba.

TAMBAYA: Matata ta haihu kwana biyu, fitsarin jaririn kaɗan ne kuma na ga wani ja-ja kamar garin bulo a kunzugunsa. Jini ne? In ba shi ruwa? Daga wani sabon uba.

AMSA: Barka Malam, Allah ya raya. Yawanci ba jini ba ne, wani gishiri ne da ke fita a kwanakin farko in fitsari ya yi kauri, yana ɓacewa da nono ya kawo. Ƙodar sabon jariri aikinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na babba ba ko an yi la'akari da girman jiki, tana ninkawa cikin sati biyu, sai wajen shekara 2 take cimma ta manya, awon jininsa ma wajen 70 bisa 40 yake. Shi ya sa ruwa zalla haɗari ne gare shi, ba ta iya fitar da shi da sauri, sai ya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Nono kawai, akai-akai. Daga kwana na 5 ku ƙirga kunzugu 6 ko fiye masu jiƙewa a yini. In ya yi awa 24 bai yi fitsari ba, ko jan ya wuce kwana na 4, ko yana ta barci ba ya kama nono, ko namiji ne fitsarin yana ɗiga maimakon ya yi tsiri, ku tafi asibiti a lokacin.