Hukuncin Kai Kare Wurin Ajiya da Biyan Kuɗi Lokacin Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a wata unguwa a gefen Abuja, kuma ina da karen gadi saboda ɓarayi sun addabe mu. Zan tafi hutu na mako uku da iyalina, babu mai zama a gidan. Akwai asibitin dabbobi da ke karɓar karnuka yana ciyar da su, a biya kuɗi kowace rana, amma wani ɗan'uwa ya ce mini haramun ne, domin Annabi ya hana kuɗin kare. Shin in kai shi, ko in zuba masa abinci da ruwa in kulle gida?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya halatta ka kai shi ka biya, kuma idan ba ka sami amintaccen mutum da zai riƙa kula da shi ba, to kai shi ɗin ya zama wajibi a kanka.

Sai mu fara da ajiye karen kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, za a riƙa rage masa ƙiraɗi ɗaya (wato wani ma'auni na lada) daga ladansa kullum, a ruwayar Ibn Umar kuma ƙiraɗi biyu. Malamai sun yi saɓani a kan karen gadin gida, tun da ba a ambace shi ba. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya hana ajiye kare a gidajen cikin gari a littafinsa Risala, sai dai masu sharhi sun kawo cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, kuma da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Imam Nawawi ma ya rinjayar da halaccin hakan ta hanyar ƙiyasi, domin dalilin shi ne buƙata. Wannan shi ne abin da nake fatawa da shi ga wanda tsoron ɓarayi ya tabbata a unguwarsa, da sharaɗin karen ya tsaya a tsakar gida ko bakin ƙofa, kada ya shiga ɗakuna.

Hadisin da ɗan'uwanka yake nufi ingantacce ne, na Abu Mas'ud al-Ansari, amma ya ɗora shi a inda bai dace ba. Abin da aka hana shi ne kuɗin sayar da kare. Kai kuwa ba sayarwa za ka yi ba, haya ce ta aiki da wuri: za su ciyar, su shayar, su share, su tsare, kuma duk waɗannan ayyuka ne na halal da ake karɓar lada a kansu. Abin da shari'a take nema shi ne a san kuɗin da adadin kwanakin tun farko, a kuma faɗi wanda zai ɗauki kuɗin magani idan karen ya yi rashin lafiya, domin kada a bar ƙofar jayayya. Karen amana ne a hannunsu, don haka ba za a ɗora musu alhakin mutuwarsa ko ɓacewarsa ba sai in sun yi sakaci.

Shawarar kulle shi a gida ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ruwan da aka zuba a roba ba ya kai mako uku a zafin ƙasarmu, abinci kuma lalacewa yake yi. Annabi (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, kamar yadda ya ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, kuma ko da mutum ya ajiye kare don ƙawa kawai, wanda hakan bai halatta ba, wannan wajibi bai sauka daga kansa ba. Laifin ajiyewa daban, haƙƙin dabbar daban. Sakinsa a titi ma ba mafita ba ce, domin zai iya cizon ɗan maƙwabci, kuma alhakin yana kanka.

Kafin ka biya, ka je da ƙafarka ka ga wurin, ka duba inuwa da tsafta da ruwan sha, domin wanda ya miƙa amana ga wanda ya san zai tozarta ta bai fita daga zargi ba. Ka tabbatar an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda da wuya mutum ya tsira daga gare shi idan alamunsa suka bayyana. Game da abincinsa, dabba ba ta da taklifi, wato shari'a ba ta ɗora mata halal da haram ba, amma idan an ba ka zaɓi ka nemi wanda babu naman alade a ciki. Idan kuma yawunsa ya taɓa tufafinka wajen kai shi, a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake Shafi'iyya da Hanabila suna wajabta wankewa, kuma wankewar ta fi, domin fita daga saɓani. Allah ne mafi sani.