Kunkuru da Masu Tallar Tsawon Rai

Tambaya: Malam, wani mai magani a bakin kasuwar Sabon Gari ya nuna mini garin ƙoƙon bayan kunkuru, wai in riƙa sha a kunu zan daɗe a duniya irinsa. Ƙulli ɗaya dubu goma. In saya? (Magidanci, Tudun Wada)

Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu. Daɗewar kunkuru gaskiya ce. Akwai wani mai suna Jonathan a tsibirin Sent Helena, an ƙiyasta ƙyanƙyasarsa wajen 1832, shekara 15 kacal bayan rasuwar Shehu Ɗanfodiyo, ya haura shekara 190. Amma dalilin daɗewar ba abin dakawa a turmi ba ne. Jikinsa ba ya ƙona abinci don samar da ɗumi kamar namu, hantsi yake sha, don haka komai nasa a sannu yake tafiya, har manyansu kan yi watanni ba ci ba sha. Ƙoƙon nan kuwa sulke ne. Da ya girma, ba kowane naman daji ke iya taɓa shi ba, shi ya sa ba ya gaggawar haihuwa. Manya-manyan sukan kai shekara 20 kafin su fara ƙwai. A 2018 masana sun bincika ƙwayoyin halittar wani ƙaton kunkurun tsibiran Galafagos da ya mutu a 2012, suka ga wasu da ke da alaƙa da gyaran ƙwayar halitta in ta lalace da kuma yaƙar ciwon daji. Wanne daga ciki ne zai bi kunu ya shiga jikinka?

Abin da ke ba ni haushi ma, wa ya tabbatar maka kunkuru ne a ƙullin? Da an daka ƙashin saniya an gauraya da toka, za ka gane? Kai da ba ka sayen mudun shinkafa sai ka damtsa ka shinshina ka ja ciniki har mai shago ya gaji, sai ga gari ba suna ba kwanan wata a tsumman leda, ka zaro dubu goma ba ko tayi. Wasunku rabonsu da awon hawan jini tun auren fari. Je asibiti a auna ka, canjin ka kai wa uwargida cefane.

Tambaya: Maigida ya sayo wa yarona ɗan kunkuru, kwana uku ke nan bai ci komai ba. Yaron har kuka yake. (Uwa, Samaru)

Kwantar da hankalinki, Hajiya, baƙunta ce, kuma sanyi na kashe masa ci. Ba shi ciyawa da ɗanyen ganye da ruwa a faranti marar zurfi, ki bar shi inda zai sami rana da inuwa. Ban da tuwo, ban da ƙanzo. In ya wuce mako, ko kika ga majina a hancinsa, asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na kusa da ke. Yaro ya riƙa wanke hannu da sabulu in ya taɓa shi, don kashinsa na ɗauke da ƙwayar cutar gudawa. Sai dai ki gaya wa maigida, in irin manyan nan na Sahel ne masu haƙa rami, zai iya haura kilo 40, ya kuma ga jikokin yaron nan.

Tambaya: Mai sayar da kunkuru ya ƙirga zanen bayansa ya ce shekararsa ɗari, don haka ya fi tsada. (Ɗalibi, Kongo, Zariya)

Zanen na ƙaruwa ne da yawan ci, in ya tsufa kuma gogewa yake. Kai da ke zaman hostel, ina za ka ajiye shi?